Tabon da Ya Fito Mini a Hannu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Istifanus, ina ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya a kasuwar Murshid Bazaar, nan Dubai.

Bara, ana gab da sabunta mini biza, wani tabo fari-fari ya fito a damtsena. Kun san sai an yi wa mutum gwajin asibiti kafin a sabunta. Na ji an ce in aka samu kuturta, gida za a mai da mutum. Yarana kuwa da wannan aikin suke karatu.

Wani zai ce tabo ne kawai. Amma ni jikan kuturu ne.

Lokacin da Turawan mishan suka fara zuwa ƙasarmu, ba a bar su su yi wa'azi a cikin birni ba. Sai suka kafa asibiti a bayan gari, suka tara waɗanda kowa ke gudu. Can aka kai kakana aka ajiye. Can ya ji bishara, can ya koyi karatu, can aka haifi mahaifiyata. Asibiti da makarantar da garinmu ke taƙama da su yau, daga wannan wurin suka taso.

Na daina cin abinci. Na koma sa riga mai dogon hannu cikin zafin nan na Dubai. Ko taɓa wurin ba na yi, domin na san in na mintsina ban ji ba, kuturta ce, magana ta ƙare. Wani Alhaji da nake yi wa aiki ya dube ni ya ce, "Ɗan mishan, lafiya kake ramewa haka? Yalla, maza je ka ga likita, kayan za su jira." Ban je ba.

Na kira Mama ina kuka. Na ce, "Mama, ashe bangaskiya da cuta a wuri ɗaya muka gaje su?"

Ta ce, "Baturiyar da ke wanke wa Baba miki, zazzaɓi ya kashe ta, kabarinta na nan bayan asibitin. Ba ta warkar da shi ba. Amma ba ta gudu ba. Durƙusa mu yi addu'a."

Na durƙusa a tsakanin kwalaye, waya a kunnena. Ban iya cewa komai ba sai, "Ya Yesu, ko mene ne, kada ka guje ni." Da na tashi tabon yana nan, amma ƙafata ta iya kai ni asibiti.

Likita ta ce in rufe ido, ta soka mini tsinin allura a tsakiyar tabon. Na zabura don zafi. Daga baya ta ce ƙyasbi ne kawai, ta ba ni man shafawa. An kuma sabunta bizar.

A bakin asibitin na zauna na yi ta kuka. Kakana na tuna. Ina yaro nakan riƙe dungulmin hannunsa in raka shi sujada, sai ya sunkuyo ya duba ko har yanzu ina riƙe da shi, domin ba ya jin hannuna. Haka ya mutu yana yabon Allah.

Na gode wa Ubangiji da ya cece ni. Wanda ke ɓoye wani tsoro a cikinmu yau, ya dogara gare shi, ya kawo masa. Amin.