Ƙwai Masu Zanen Gawayi

A kasuwar Bunkure, layin masu kaji, Malam Sammani ya ɗaga wata jar kaza yana jin nauyinta, mai sayarwar kuwa ya ƙi haɗa ido da shi.

"Kaza mai ƙiba haka, ɗan'uwa, me ya sa za ka rabu da ita?"

"Kwanci uku ta yi mini, Malam, duk baragurbi."

"To zakaranka ya tsufa, ko kuma zafi ne ke dafa ƙwan."

"Zakara lafiyarsa lau. Ai wasu suna ƙyanƙyashewa."

"Yanzun nan ka ce duk baragurbi."

"Nawa nake nufi, marasa zane. Masu zanen gawayi kam ba sa fashi."

"Wa ke zana su?"

"Mahaifiyarmu ce ta saba. Zane biyu na ƙanwata Sa'a, uku na Muhsina. Tsakon da ya fito, na mai zanen ne."

"To ka lallaɓi tsohuwa ta yi maka naka mana."

"Ta rasu bara, lokacin dashen shinkafa. Ni na ɗauke kazar kafin rabon gado, ba wanda ya sani."

Sammani ya ji kazar ta daina motsi a hannunsa, ta zuba masa ido.

"Yara ne ke maka wasa."

"Da kwaɗo nake kulle akurkin, makullin yana aljihuna. Kullum da safe sai in tarar da sabon zane. Ko nawa ka bayar, na sallama."

Sammani ya ajiye ta a hankali, ya goge tafinsa a riga.

"Kai wa ƙannenka ita yau, kafin la'asar. Ba na sayen kazar da mai ita ba ta daina kiwonta ba."