Ramin Ƙofar Tela

Mai girma shugaban taro, dattawan layinmu, iyayenmu mata, magina da matasanmu, maƙwabta manya da yara, assalamu alaikum.

Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga wanda ya ɗaga diga, da wanda ya ɗebi tsakuwa, har da wanda ya tsaya a inuwa yana ba da umarni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, kun san abin da ya tara mu. Shekara da shekaru ruwan kumfa daga gidan Mai Wanki yana malalowa ƙofar shagon ƙanena Tela. Ya ci gindin katanga, ya ci gaisuwar da ke tsakaninsu. Mutanen da suka tashi suna cin abinci a kwano ɗaya suka koma sai harara. Wallahi wannan ya fi warin kwatar damuna.

Da muka ce a haƙa sokawe, wato ramin da zai riƙa shanye ruwan kwatar, magini ya ce dole ramin ya yi nesa da rijiya, kuma babu inda ya dace sai ƙofar Tela. Na ce a raina magana ta mutu, don na san taurin kan ƙanena. Sai ya nisa ya ce, "Yaya, ruwan nan dama wurina yake zuwa kullum. Gara in ba shi masauki a ƙasa da ya riƙa kwana a ƙofata."

To, ga roƙona. Na farko, ramin nan ba bola ba ne. Leda da tsumma da maiƙo su ne ajalinsa. Na biyu, bulon da aka jera a ciki da tazara, ba filasta, ba ha'incin magini ba ne. Ta nan ƙasa ke shanye ruwan, kada wani mai son gyara ya shafe mana shi da siminti. Na uku, masu mota, murfin nan ba gareji ba ne.

Benci kaɗai muka yarda a ɗora masa. Ku waiga ku gani: wurin ya bushe ƙayau, ga Tela ga Mai Wanki kafaɗa da kafaɗa, tun ɗazu ina magana suna hirarsu, ko saurarona ba sa yi. Ban taɓa jin daɗin a ƙi saurarona ba sai yau.

Allah ya tsare rijiyarmu, ya raya 'ya'yanmu cikin lafiya, ya sa abin da muka binne a ramin nan kada ya sake tasowa.

Na gode.