Kifin Hajiya Rakiya a Intanet

A kasuwar kifi ta Kado, wani mai kwat ya tsaya gaban teburin Hajiya Rakiya, waya a hannu.

"Hajiya, na bincika yadda ake gane kifi sabon kamu, shafinki ne ya fara fitowa. Wa ya rubuta miki?"

"Ni da kaina! Da, wani gwani ya jera mini 'kifi Abuja' sau talatin a shafin, wai don masu bincike su same ni, ko ƙuda bai leƙo ba. Na goge, na rubuta abin da nake gaya wa masu saye: danna shi da yatsa, in ya lotsa bai taso ba, kwantai ne."

"Ai maimaita kalma ƙa'ida ce, haka muke yi a ofis."

Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali. "To, Oga, shafin wa ya kawo ka nan?"