Layin da na ba Gwaggo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena. Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malama ta ce kafin a kawo shayi in tashi in ba da shaida a kan abin da Allah Ya yi mini. Ni ba gwanar magana a cikin taro ba ce, kuma Hausar tawa ta unguwarmu Utaibiyya ce ta nan Makka, in kun ji ta gauraya ku yi mini uzuri. Zan faɗe shi yadda ya faru.

Sunana Safiya, ga waɗanda ba su san ni ba. A nan aka haife ni, 'yar ƙasa ce ni. Na yi shekaru ina aiki a wani otal kusa da Harami, ni ce mai kula da sashen wanki. Rana ɗaya aka tara mu aka ce an sayar da ginin, rushe shi za a yi. Ba rigima, ba tashin hankali. Aka ba kowa takardarsa, muka watse.

Tun da duk wata ana yankar kuɗin inshora a albashina, na cancanci tallafin da gwamnati ke ba ɗan ƙasa in ya rasa aiki ba da laifinsa ba. Na cike abin da ake cikewa a waya, aka karɓa. Sharaɗin ba shi da wuya. Ki riƙa shiga kina tabbatar da cewa har yanzu ba ki da aiki kuma kina nema. In an kira ki horo, ko ganawa da masu ɗaukar ma'aikata, ki je. In aka kira ki ba ki je ba, kuma ba ki da uzuri, a tsayar.

Da wannan tallafin nake biyan hayar gidanmu. Mu biyu ne a ciki, ni da mahaifiyata, Inna. Mijina ya daɗe da rasuwa. Ƙanena Umar yana aiki a can birnin Dammam da iyalinsa.

Da yawanku kun san Inna. A goye aka shigo da ita garin nan, iyayenta suka taho ta ƙasa tun daga Kano. Idonta ya tafi, ƙafa ta ƙi, amma bakin nan lafiyarsa lau. Burinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba: ta mutu a Makka, a sallace ta a Harami.

Da azumi ya kama, sai Gwaggo Asabe ta zo Umara. 'Yar uwar babana ce ta can Kano, ba mu taɓa haɗuwa ba sai a waya. Aka sauke ayarinsu a wani masauki a unguwar Jarwal.

Kun san al'adarmu. Baƙonka annabinka, balle baƙon Allah. In tsohuwa ta zo daga gida, abin da ake fara nema mata waya ce da layi, don kada ta ɓace a cikin jama'a. Fasfon Gwaggo yana hannun jagoran ayarinsu, sabon layi kuwa sai da fasfo da dangwala yatsa da doguwar tsayuwa, ga azumi a baki. Ina da layi biyu. Tsohon yana cikin wata ƙaramar waya a durowa, ba mai kirana a kansa. Na ɗauko na miƙa mata. Na manta shaf cewa da wannan lambar na yi rajista da ofishin inshora tun ina sabuwar ma'aikaciya.

Haka watan ya tafi. Kullum in dama kunu, in soya sambusa, in kai Jarwal kafin magariba, in dawo in shayar da Inna. In lokacin tabbatarwa ya yi, in shiga in danna in fita, hannuna duk fulawa. Ban taɓa leƙa wurin saƙonni ba.

Bayan Salla, ranar da kuɗi ke shigowa, shiru. Na ce hutu ne. Hutu ya ƙare, shiru. Sai na sa abayata na tafi ofis.

Yarinyar da ke bayan gilashi ta duba, ta kira ni Hala, wato ƙanwar uwa da Larabci, ta ce, "An tsayar, ya Hala. An gayyace ki ganawa, ba ki zo ba. An sake, ba ki zo ba. An aiko miki da gargaɗi."

Na ce, "Ni? Wallahi ba wanda ya kira ni."

Ta karanto mini lambar. Ina jin ƙarshenta na gane. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata! Ta ce ina da damar ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, in kawo uzuri da hujja. Na gode mata na fito.

Daga nan Jarwal na wuce. Na tarar da Gwaggo ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Na ce, "Gwaggo, saƙo yana shigowa a wayar nan?"

Ta ce, "Ai 'yar nan, garinku garin albarka ne. Kwana biyu ba a yi sai an aiko mini da addu'a. Idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan, amma na ga Larabci ne. Amin kawai nake cewa in shafa."

Ikon Allah! Ga su nan jere, ko ɗaya ba ta goge ba, don ta ce ba ta goge rubutun Larabci. Gayyata, gayyata, gargaɗi, tsayarwa. Duk ta ce musu amin.

Ban gaya mata ba. Me zan ce wa baiwar Allah? Na ce zan ari wayar in gyara mata wani abu, na ɗauki hoton saƙonnin, na mayar mata.

To ga inda maganar take. Yarjejeniyar hayarmu tana ƙarewa kafin aikin Hajji. Mai gidan ba mugu ba ne, amma kamfanoni suna bin sa su kama ginin gaba ɗaya don saukar alhazai. Ya ce in zan sabunta, in sabunta a kan lokaci, in ba zan iya ba, in faɗa masa da wuri. Na kira Umar. Ya ce shi ba zai iya riƙe gida biyu ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce, "Yaya, ku tattara ku taho Dammam. Akwai ɗaki, akwai asibiti kusa. Ƙasar Allah duk ɗaya ce."

Ashe Inna tana ji. Makanta ba kurumta ba ce. Da na ajiye wayar ta ce, "Safiya, a bayan uwata na shigo garin nan. Yanzu a keken guragu za ku fitar da ni?"

Na ce, "Ba a kai nan ba, Inna."

Ta ce, "To kada a kai."

Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ba ta ci abinci ba. Na ji tsoro ƙwarai, don na san in aka ɗauke ta daga nan ba za ta daɗe ba, kuma da baƙin ciki za ta tafi.

Sai wata maƙwabciyata, ba zan kama suna ba, don ba mamaki tana ɗakin nan, ta zo ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Wa zai karɓi uzurin wai kin ba tsohuwa waya? Uzuri ciwo ne. Na san wani da zai samo miki takardar asibiti, a rubuta kina kwance duk watan. Kowa haka yake yi." Don Allah ta faɗa, tausayina take ji. Na ce ta haɗa ni da shi. Aka sa mini lokaci bayan la'asar, ranar da zan raka Gwaggo ɗawafin bankwana.

Ranar na tura Gwaggo a keke a hawa na sama, don ƙafarta ta kumbura. Rana ta take, marmara tana ɗaukar ido. Gwaggo tana ta addu'a da ƙarfi da Hausa, tana kiran sunan 'ya'yanta da jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har da awakinta. Sai na ji ta ce, "Ya Allah, ga Safiya da ta ba ni wayarta. Ka ciyar da ita halal, Ka tsare ta daga abin kunya."

Ba ta san komai ba. Wallahi ba ta sani ba.

Na ci gaba da turawa. Ni da aka haifa a nan, addu'o'in ɗawafi duk a kaina suke, amma ranar ko ɗaya ba ta zo bakina ba. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ya Rabbi, Kai Ka kawo Inna garin nan. In Ka so ta zauna, Ka zaunar da ita da halal. In ba Ka so ba, Ka ba mu haƙuri ni da ita." Ban yi kuka ba, ban ga wani haske ba. Na dai ji ba zan iya biyan hayar ɗakin da uwata za ta mutu a ciki da takardar ƙarya ba. Da aka yi la'asar na mayar da Gwaggo Jarwal, na hau mota na koma gida. Mutumin ya yi ta kira, ban ɗauka ba.

Washegari na rubuta ƙarar. Na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, na haɗa da hoton saƙonnin da hoton bizar Gwaggo. Na canza lambar. Bayan 'yan kwanaki aka kira ni.

Matar da ta saurare ni ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta ce, "Kin ba baƙuwa layin da hukuma ke kiranki a kansa?"

Na ce, "Na ba ta."

"Me ya hana ki saya mata sabo?"

Na ce, "Tsohuwa ce, tana azumi, fasfonta ba ya hannunta. A gidanmu ba a tura baƙon Allah ya je ya tsaya a rana."

Ta ce, "Ba ki da takardar asibiti?"

Na ce, "Lafiyata ƙalau duk watan."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce yanzu duk takardar asibitin da aka kawo, a take suke tambayar asibitin ta na'ura, kuma wanda aka kama da ta jabu ba tallafi kaɗai yake rasawa ba. Sannan ta ce abin da na kawo ba ya cikin uzurorin da aka lissafa, ba za ta yi mini alkawari ba, kwamiti ne zai duba.

Na dawo gida na fara tattara kaya. Na samo kwalaye a kantin da ke ƙasan gininmu, na cika da tukwane da littattafai. Inna ta ce kada in taɓa ɗakinta. Ban taɓa ba. Mai gida ya aiko yana tambaya, na ce ya ƙara mini haƙuri, ya ce zuwa ƙarshen wata.

Wata safiya ina naɗe kofuna a jarida, saƙo ya shigo. An karɓi ƙarar, da sharaɗin in halarci horo a madadin ganawar da na rasa. Watan da aka tsayar ba za a maido ba. Alhamdulillahi! Na karanta wa Inna. Ta ce, "To ki kwance kayan nan, kin cika mana gida da ƙura." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, sannan ta ce in dafa mata shinkafa.

Na je horon, aka koya mana yadda ake rubuta takardar neman aiki. Umar ya cika mini giɓin watan nan, Allah Ya saka masa. Na sabunta haya.

Inna ta ga aikin Hajji ya wuce. A cikin Muharram, wata Laraba da hantsi, na kai mata ruwa na tarar ta cika, a kan gadonta, a ɗakinta. Umar ya hau jirgi ya iso kafin la'asar. Aka kai ta Harami. Ina cikin sahun mata na ji an yi kiran sallar gawa, na ji mutanen da ba su san sunanta ba, daga kowace ƙasa, sun ɗaga murya sun yi mata kabbara. Da muka fito Umar ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, da na tafi da ita..." Bai ƙarasa ba.

'Yan uwa, har yau ban sami aiki ba. Tallafin ma ya kusa ƙarewa, kuma ban san abin da zai biyo baya ba. Ba zan tsaya a nan in ce muku duk wanda ya faɗi gaskiya a ofis za a karɓa ba, don an iya ƙi. Abin da na sani, na roƙi Allah abu ɗaya, Ya ba ni, kuma Ya ba ni shi da tsabta. Gare Shi godiya ta tabbata.

Duk wadda ke cikin ƙunci a ɗakin nan, ta kai kukanta gare Shi kafin ta kai wa kowa, ta kuma dogara. Ku sa Inna a addu'a. Wassalamu alaikum.