Muryar da Ta Sanar da Rasuwar Mero

A bencin wani kemis da ke Ƙofar Gayan, wani dattijo ya ciro kwalbar maganin gargajiya daga aljihu. Matar da ke zaune kusa da shi ta leƙa.

"Baba, wannan na mene ne?"

"Na hawan jini, 'yata. Tunda na same shi na ajiye ƙwayoyin asibiti."

"Subhanallahi! Wa ya ce ka ajiye?"

"A rediyo aka faɗa. Kwalba uku, ka rabu da ciwon."

"Baba, talla ce fa. Biyan mai karantawar ake yi."

"Na sani. Ai ni ma na taɓa biya. Bara da matata Mero ta rasu, shi ya karanta sanarwar. Sunanta, sunan mahaifinta, lokacin jana'iza, bai kuskure ko ɗaya ba. Har muryarsa ta yi rawa wajen addu'a. Wanda ya faɗi gaskiya a ranar nan, yau zai yi mini ƙarya?"

Matar ta dube shi.

"Allah ya jiƙanta. Da can wa ke tuna maka shan magani?"

"Ita mana. Kullum tana ajiye mini kusa da kofin koko."

"To da tana nan, me za ta yi da wannan kwalbar?"

Dattijon ya jujjuya kwalbar, ya yi 'yar dariya.

"Da tuni ta tuttule ta a kwata."

Ya share ido da hannun riga, ya juya wajen mai kemis.

"Malam, ƙananan fararen nan da Mero ke ba ni, akwai su?"