Malam Ya Ce In Cire Babi Na Bakwai

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Hadiza tela daga Dutsi. Makon jiya baƙonku ya ce duk mai son littafinsa ya kai ga bugawa, ya fara ba wani masani ya duba, kuma ya bi gyaransa. To, na bi shawarar, ga yadda muka kwashe.

Shekara biyu ina rubuta labarina tsakanin ɗinki da girki. Da na gama, na kai wa tsohon hedimastanmu na firamare, wanda yanzu yake zaune a Daura, don ya san Hausa ciki da waje. Bayan sati uku ya aiko in je. Shafukan sun sha jan biro, kuma wallahi gyaran ya yi ma'ana. Sai ya ce, "'Yata, babi na bakwai ki cire shi gaba ɗaya. Yana jan labari, babu mai bugawa da zai karɓa."

Babin nan kuwa labarin wani hedimasta ne da ke kwasar ɗalibai duk ranar Alhamis su yi masa noma a gonar gyaɗa. Ban sa sunan kowa ba. Da na dawo gida na buɗe babin, fes yake, babu gyara sai wuri guda. Ya soke "gyaɗa", ya rubuta "wake".

Jama'a, ku ba ni shawara, in cire ko in bari? Babin ne ke jan labari, ko Malam ne ya gane gonarsa?