Gangar da Kwamiti Bai Samu Ba

Mai girma shugaban Ƙungiyar Zumuncin Hausawan Sharafiyya ta nan Jidda, Alhaji Musbahu, Allah ya ja zamaninka. Dattijonmu kuma mai ƙara, Alhaji Zaharadden, wanda kunnensa ya tara mu a nan yau. Malamanmu masu daraja. Iyayenmu mata da ke bayan labule, kuna jinmu fiye da yadda muke jin kanmu. 'Yan kasuwa da suka rufe shaguna. Direbobi da suka roƙi kafili, ubangidansu na aiki, izinin yammacin nan. Matasanmu da ke layin baya suna jiran a yanke musu hukunci. Da sauran jama'ar da ƙamshin shayi ya jawo: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah, sannan ina godiya ga shugabanni da suka duba duk mazan Jidda, suka ga ni, Na'ibi tsohon direba, na cancanci shugabancin kwamitin bincike. Ban taɓa riƙe muƙami ba sai wannan, kuma in kun gama jin rahotona, na san ba za a ƙara ba ni wani ba.

Domin wanda ya makara, ga yadda maganar take. Ƙungiyarmu tana da doka tun zamanin da mai wannan ginin ya yi mana barazanar kora: ba a shigo da kayan kiɗa ɗakin taron nan. Bara kuma muka ba wasu 'ya'yanmu biyar aron mabuɗi, suna zuwa ranar Juma'a bayan la'asar suna koyon waƙa. Baki Biyar suke kiran kansu, ɗana Bilal yana cikinsu. Sai Alhaji Zaharadden ya biyo ta ƙofa, ya ji ganga, ya ji ƙaho, ya ji wani abu mai gurnani yana girgiza taga. Ya kawo ƙara cewa an karya doka. Yau za ku ɗaga hannu: a karɓe mabuɗin ko a bar musu.

Abu na farko, binciken ɗaki. Jama'a, mun yi aiki, kada a ci haƙƙinmu. Mun ɗaga kafet, mun samu goro busasshe da hular da aka yi cigiyarta tun ƙaramar salla. Mun buɗe tallaja, firjin nan namu, mun samu ruwan sanyi. Mai ƙara ya ce a kwance mukayyif mai sanyaya mana ɗaki, wataƙila a cikinsa suke ɓoye ƙahon. Aka kira haris, maigadin ginin, ya kwance shi, shi ya sa kuke gumi yanzu. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To wannan karon manyan ma sun hau kujera, sun leƙa saman kabad, ba su hango komai ba.

Abu na biyu, kwanton ɓauna. Da ba a samu kaya ba, mai ƙara ya ce da su suke zuwa, da su suke tafiya. Sai muka ɓuya a kicin ɗin can, dattawa da furfurarmu, tsakanin tukunyar gas da buhun shinkafa, kamar ɓerayen da suka yi aikin hajji. Yaran suka shigo hannu rabbana, ba jaka, ba akwati. Suka tsaya da'ira. Tariq ya ce, "Yalla," ya tsuke leɓe, sai ga ganga har da ƙarar farantin kiɗa. Mus'ab ya kumbura kumatu, sai ga ƙaho. Bilal, wanda a gida sai ka yi da gaske kake jin amsar sallamarsa, ya buɗe ƙirji, sai ga gurnanin nan da ke girgiza taga. Juwairiyya da ƙanwarta Sajida suka ɗora murya a kai, ɗaya ta hau, ɗaya ta gangara, su rabu kamar sun yi faɗa, su haɗu a gaba kamar ba su taɓa rabuwa ba. Wannan shi suke kira jaz. Kowa a ba shi fili ya bar hanya ya yi yawonsa, sauran suna riƙe masa gida har ya dawo. Na ce a raina, ashe akwai taron Hausawa da mutum biyar za su yi magana lokaci guda, kowa kuma yana sauraron ɗan'uwansa. A wannan ɗakin dai ban taɓa gani ba sai ranar.

Amma kwamiti bai fito hannu banza ba. Mun kama kiɗa guda, wanda ba daga maƙogwaro ya fito ba. Ana cikin waƙa na ji wani ƙwas, ƙwas, ƙwas kusa da ni, yana bin kiɗan sau da ƙafa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Na duba ƙasa, sai na ga takalmin Alhaji Zaharadden yana dukan tukunyar gas. Na ce, "Alhaji, ƙafarka." Ya ce, "Sanyin ƙashi ne, Na'ibi." Allah ya ba Alhaji lafiya, domin ban taɓa ganin sanyin ƙashin da ke tsayawa daidai lokacin da waƙa ta tsaya ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. In doka za a bi, kwamiti yana ba da shawara a karɓe takalmin, a ajiye shi wurin ma'aji.

Mai ƙara ya ƙara da cewa ko ba kaya, abin da suke rerawa ba magana ba ce, wai "shaba-daba-du" yaren aljannu ne. Gaskiya ne, akwai inda suke sakin kalmomi su bi sauti kawai. Ni dai na halarci tarukan wannan ƙungiya tun gashina yana baƙi, na ji jawabai masu tsawo a kan kuɗin shayi, kuma wallahi shaba-daba-du ta fi yawancinsu ma'ana.

Yanzu ku ba ni aron hankalinku, domin abu na ƙarshe ba na dariya ba ne. Bilal a nan aka haife shi. Ina yi masa Hausa, yana mayar mini da Larabci, tun yana rarrafe har ya fi ni tsawo. Wane ne a cikinku zai ce gidansa ba haka yake ba? Muna aikensu da Hausa, muna yi musu faɗa da Hausa, sannan muna mamakin da suka ɗauke ta harshen aike da faɗa.

A kicin ɗin nan, suna ɗauko waƙar ƙarshe na gane ta. Waƙar niƙa ce ta mahaifiyata, Rabi, Allah ya jiƙanta, wadda ta taso da ita daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan, tana goye da Bilal tana rera ta a saman bene. Sautin ya riƙe, kalmomin sun ɓace masa. Watannin baya ya zo yana tambayata baitin, na ba shi ina kallon talabijin, ban ko tambaye shi me zai yi da shi ba. Sai ga shi a bakin mutum biyar: "Dutsen niƙa, yi mini sannu, garinmu da nisa." Yaran da ba su taɓa ganin dutsen niƙa ba. Na yi kuka, jama'a, ba na ɓoyewa. Na jingina da buhun shinkafa na yi kuka, mai ƙara ya miƙo mini hankicinsa, kuma hankicin a jiƙe na karɓe shi.

Da muka koma gida, Bilal ya zauna kusa da ni ya ce, "Abuya, Kaka kuka take yi in tana wannan waƙar?" Da Hausa ya faɗa, daga farko har ƙarshe, ba kalmar Larabci sai sunan da yake kirana. Wannan ce tambaya ta farko da ɗana ya taɓa yi mini da harshen uwata.

To ga abin da ba ku sani ba. Wani otal a Abhur, can bakin teku, ya ji su, ya yi musu tayin ɗaki mai mukayyif da ke aiki, da dandali duk ƙarshen mako. Sharaɗi guda: Larabci da Turanci kawai, a ajiye waƙar da baƙi ba sa ganewa. Har yanzu ba su amsa ba, saboda suna da wannan ɗakin, inda za su rera abin da suka ga dama. Bilal ya ce da ni, "In an karɓe mabuɗi, halas, shi ke nan, Abhur za mu." Ba barazana yake yi ba, murya sai da wurin tsayawa. Otal ya ce su ajiye Hausa a ƙofa, mu kuma muna shirin rufe ƙofa ɗaya tilo da suke shiga da ita. Madalla da wannan haɗin kai tsakaninmu da mai otal. Gobe kuma sai mu kira taron gaggawa, mu kafa sabon kwamiti ya binciko inda harshenmu ya ɓace, ya ɗaga kafet, ya kwance mukayyif.

Ga mabuɗin nan, ranka ya daɗe, na ajiye shi a gabanka. Kwamiti bai samu ganga ba, bai samu ƙaho ba. Maƙogwaro biyar ya samu, suna layin baya. Duk wanda zai ɗaga hannu a karɓe, ina roƙonsa ya waiwaya ya dube su tukuna.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira, ya sawwaƙe wa Alhaji Zaharadden ciwon ƙafa, ko ya bar masa shi in shi ne alheri. Allah ya sabunta takardar zama ta mai iƙama, ya rufa asirin marar ita. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka niƙa tsaba a garuruwa masu nisa domin mu ci. Ranar da mu ma muka kwanta dama a ƙasar nan, Allah ya sa a samu ɗa guda da zai tsaya a kanmu ya ce "Allah ya jiƙan Baba" da harshen da aka yi mana goyo da shi.

Na gode.